Ranar da Saniyar Gwaggo Ta Tashi, Ni Na Faɗi

Ba zan taɓa mantawa ba, kai ko na so in manta ma mutanen ƙauyen Gwaggona ba za su bari ba, da ranar da na je tayar da saniya na ƙare a kwance kusa da ita ana yi mini ruƙiyya.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da duk shagon kaset ɗin da ka wuce a Daura za ka ji wani malami yana daka wa aljani tsawa, aljanin yana rantsuwa zai fita. Ni kuwa gama makarantar koyon lafiyar dabbobi ke nan na dawo gida, da takardata, da farar riga, da abin sauraron bugun zuciya da nake ratayawa a wuya duk inda za ni (ban da masallaci dai, amma har bakin ƙofa nakan je da shi). Kaina cike yake da karatu. Hannuna ne bai san komai ba. A makaranta mu tuli ne a kan saniya ɗaya, malami ya soka allura, mu kuma mu gyaɗa kai daga baya. Ban taɓa shiga jijiyar dabba mai rai ni kaɗai ba.

Gwaggo Hanne ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a wani ƙauye gefen Sandamu. Sunan kakana aka sa mini, saboda haka ba ta kama sunana, Babana take ce mini. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona da saniya ɗaya, wadda take kira 'Yar Gata. Saniyar ruwa-biyu ce, uwarta bunaji, ubanta irin shanun Turai, ga hantsa kamar za ta taɓa ƙasa. Da nononta Gwaggo take cefane, da shi take sayen sabulu da kananzir, da shi take fita kunyar biki da suna. Ba ta da wata kadara bayan ita.

Wata safiya cikin bazara aka aiko mini cewa 'Yar Gata ta haihu shekaranjiya lafiya lau, amma yau ta kasa tashi. Na zura farar rigata a wannan zafin, na hau babur ɗin mahaifina na kama hanya.

Na tarar da ita kwance a turke, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙarinta. Ba ta tuƙa. Na taɓa kunnenta na ji shi sanyi ƙalau, hancinta ya bushe, ciki ya fara kumbura. Maraƙin yana ta zagaya ta yana kuka. A gefe kuma Malam Iro mahauci na tsugune yana wasa wuƙa. Kowa ya san hukuncin: in ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, Gwaggo ta tashi a tutar babu. In an yanka da ranta, ko ba komai a sayar da naman a rage asara.

Allah ya yafe mini, abin da ya fara kama ni farin ciki ne. Ciwon nan na san shi! Ya fito mana a jarrabawa, kuma na ci shi.

“Gwaggo, kada a yanka ta,” na ce.

Malam Iro bai ko ɗago kai ba. “Likita, ni ba na gardama da 'yan boko. Amma na sha ganin irin wannan kwanciyar. In ta cika a hannunmu, ungulu ne za su yi Sallah yau.”

Maimakon in yi sauri in nemo magani, sai na gyara tsayuwa na buɗe lacca, a gaban maƙwabta, da matan da suka leƙo ta kan danga. Na ce musu ƙafar saniyar nan lafiyarta ƙalau, ba karaya, ba targaɗe. Tana so ta tashi, kanta yana aika wa ƙafa saƙo, saƙon yana bin jijiya da gudu irin na lantarki. Sai dai jijiya ba ta manne da tsoka ba, akwai ɗan wani rata a tsakaninsu, ƙanƙane ƙwarai, ko madubin ɗakin gwajin makarantarmu ba ya nuna shi. A bakin ratan nan jijiya ta tara wasu 'yan jakunkuna cike da wani ruwa, wanda shi ne zai tsallaka ya ce wa tsoka ta motsa. Jakunkunan kuwa ba sa buɗewa da kansu. Sai saƙo ya iso, wasu ƙofofi sun buɗe a jikin jijiyar, wani sinadari da ake kira kalsiyam ya kwararo ciki, shi ne zai ingiza su su zubar da abin da ke cikinsu. In ba kalsiyam, saƙo zai iso ya tsaya cak, kamar baƙon da ya yi ta sallama a zaure ba wanda ya shiga ya faɗa.

“Kalsiyam ɗin nan shi ne a ƙashi, shi ne a nono,” na ci gaba, muryata tana ƙara tashi. “Da ta haihu, hantsa ta kwashe na cikin jininta ta zuba a dakashi saboda maraƙi. Ta ba ɗanta har ta rasa na tashi. A mayar mata da shi a jijiya, shi ke nan.”

Har yau in na tuna bayanin nan tsigar jikina sai ta tashi, don ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Ƙiftawar idon da kake yi yanzu, da yatsan da za ka juya takardar nan da shi, duk sai ƙofofin nan sun buɗe tukuna. Amma mutanen da ke tsaye a wurin kallona kawai suke yi, wani dattijo ma yana sakace.

Gwaggo ta ce, “Babana, ban gane ko ɗaya ba. Abu ɗaya nake tambaya. In na jira ka, za ta tashi?”

“Za ta tashi,” na ce. Sai da na ga idon Malam Iro a kaina na ƙara da, “in Allah ya yarda.”

Ta daɗe tana kallon saniyar. Sannan ta ce, “Iro, zauna kusa da ita da wuƙarka. In ka ga ido ya juye ka yanka, kada ka jira ni. In ba haka ba, a jira shi.”

A lokacin ne na fahimci abin da na ɗauko. Matar nan ta ɗora duk abin da ta mallaka a kan bakina, ni kuwa ko maganin ba ni da shi a jaka.

Na koma Daura a guje. Kusa da kasuwa akwai shagon wani Inyamuri mai sayar da magungunan dabbobi, Oga Chidi, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna masa. Ya miƙo mini kwalbar ruwan kalsiyam da roba da ƙatuwar allura, ya ce, “Dokta, a hankali fa. In ya shiga da sauri, zuciya zai tsaya.” Na ce masa na sani, kuma da gaske na sani. Amma karanta abu a littafi daban, a faɗa maka shi kana riƙe da kwalbar daban. Maganar nan ta hau babur ta zauna a bayana har ƙauye.

Na iso bayan azahar na tarar da gidan ya cika, don labari ya zaga cewa ɗan boko ya hana yanka. Saniyar ta ƙara yin laushi, tana neman kifewa gefe. Na sa aka tokare ta da buhunan ƙaiƙayi. Gwaggo ta tsuguna ta rungume kanta. Na danne jijiyar wuya har ta taso, na yi bisimilla na soka. Ban samu ba. Na sake sokawa, fata kawai na huda. Wani daga baya ya ce, “Ikon Allah,” da irin muryar da ba yabo ba ce. A na uku jini ya yi tsartuwa, baƙi-baƙi, mai ɗumi, ya wanke mini hannu. Na haɗa roba, na miƙa wa Malam Iro kwalbar na nuna masa tsayin da zai riƙe ta, don in an ɗaga sama ruwan gudu yake yi, in an sauke ya tafi a hankali. Sai ga mahauci tsaye, kwalba a hannun dama, wuƙa a hagu.

Na ɗora abin saurarona a ƙirjinta. Da farko bugun can ƙasa-ƙasa nake jinsa, da sauri, ba ƙarfi. Can sai ya fara cika, yana ƙara kauri, har na ji murmushi na neman kuɓuce mini. Kwatsam sai ya tsallake ɗaya. Shiru. Ya dawo, ya buga, ya buga, ya sake tsallakewa.

Gabana ya yanke ya faɗi. Na ga saniyar a mace da allurata a wuyanta, na ga Gwaggo, na ga fuskar mahaifina. Ban san lokacin da na fara haki ba, numfashi kan numfashi kamar wanda aka biyo. Leɓunana suka fara ƙaiƙayi, yatsuna suka ɗauki zuzz. Na duba hannuwana na ga suna lanƙwashewa da kansu, babban yatsa ya shige tafin hannu, sauran sun haɗe sun sandare. Da ƙyar na iya cewa, “Gwaggo, riƙe allurar nan, kada ta motsa. Malam Iro, sauke kwalbar ƙasa-ƙasa.” Daga nan ƙafafuna ma suka ƙage, na tafi da baya na zube a cikin turke.

Wata mata ta kurma ihu daga bayan danga. “Innalillahi! Na saniyar ne ya koma kansa!”

Cikin taron akwai Malam Nura, wanda muka yi firamare tare a benci ɗaya. Shi ya tafi karatun addini ya dawo da gemu da suna, har daga garin Babban Mutum ake zuwa ɗaukarsa ruƙiyya. Kafin in ankara ya naɗe hannun riga, ya sa ƙarti biyu sun danne mini kafaɗu, ya dafa goshina.

“Kai wane ne? Me ya haɗa ka da bawan Allah?”

“Nura, ni ne,” na ce, da bakin da ya tsuke kamar na mai fito.

“Haka kuke cewa dukanku. Musulmi ne kai ko kafiri?”

“Wallahi lafiyata lau. Ku duba kwalbar.”

Ya juya ga jama'a. “Kun ji ko? Maganin yake tsoro.”

Aka kawo garwashi a kasko aka barbaɗa habbatus sauda. Don kada hayaƙin ya tafi a banza, wata tsohuwa ta cire mayafinta aka lulluɓe mini kai da shi (mayafin yana warin daddawa, har gobe ina jinsa). Ina kwance cikin duhun mayafin nan, ina jin ƙafafun mutane kewaye da ni, sai karatun ya faɗo mini tar. Wannan ma mun yi shi. In mutum ya tsorata ya yi ta haki, yakan fitar da iskar jikinsa fiye da kima, jini ya canza, kalsiyam ɗin da ke yawo a cikinsa ya maƙale ya daina aiki. A jikin mutum kuwa, in ya ragu haka, jijiyoyi sukan rikice su yi ta harba saƙo ba wanda ya aike su, tsoka ta ƙage. Wato abin da na tsaya ina yi wa jama'a lacca a kansa da safe, shi ne ya kayar da ni da rana. Na san sunan ciwon, na san shafin da yake, amma wa zan faɗa wa? Duk abin da na furta, aljani ne ya faɗa.

Sai Nura ya bar tambayoyi ya kama karatu. Gaskiya ɗaya, Allah ya ba shi murya. Ya ja Ayatul Kursiyyu a hankali, ya maimaita, ya shiga Falaƙi da Nasi. Ban san sanda na fara bin sa a zuci ba, ina tsayawa inda ya tsaya. Numfashina ya lafa. Ga shi kuma a ƙarƙashin mayafi iskar da na fitar ita nake sake shaƙa, wanda shi ne ainihin abin da littafi ya ce a yi wa mai irin halina. Yatsuna suka fara saki ɗaya bayan ɗaya.

“Alhamdu lillahi, ya fita!” in ji Nura. Mata suka ɗauki salati.

Ana cikin haka aka ji wata irin gyatsa, doguwa, mai zurfi, kamar daga cikin rijiya. Gwaggo ta ce, “Ku yi shiru.” Ba ta ɗaga murya ba, amma gidan ya yi tsit.

Na yaye mayafin. Daga ƙasa nake kallo, kaina dab da cikin saniyar, kuma ba na jin akwai wanda ya ga abin kamar yadda na gan shi. Duk hayaniyar da aka yi a kaina, Gwaggo ba ta saki allurar ba, Malam Iro bai ɗaga kwalbar ba, ruwan ya kusa ƙarewa. Fatar kafaɗar 'Yar Gata ta fara rawa, ƙanana-ƙanana, rawar ta bi gadon bayanta har cinya. Hancin nan da ya bushe ya tsattsafo da gumi, ɗigo-ɗigo. Kunne ya kaɗa ya kori ƙuda. Ta sake gyatsa, kumburin ya fara sacewa. Sannan ta ɗaga wutsiya ta saki kashin da ya tsaya mata tun safe, rabinsa a kan farar rigata, kuma wallahi ban matsa ba. Na rarrafa na ɗora abin sauraro a ƙirjinta da hannun da bai gama dawowa ba. Zuciyar tana bugawa da ƙarfi, daidai, ba tsallake.

Ba nan take ta tashi ba. Na zare allurar, muka zauna muna jira. Ta miƙe wuya ta dubi maraƙinta ta yi masa wani ɗan gunji. Ana kiran la'asar ta tattaro ƙafafun baya a ƙarƙashinta, ta ɗaga ƙugu sama, ta tsaya a durƙushe kan gwiwoyin gaba tana rawa. Sai ta fitar da ƙafa ɗaya, ta fitar da ɗayar, ta miƙe tsaye.

Kabbara ta tashi har maƙwabta. Ni dai ina zaune a ƙasa hawaye na zubo mini. Saniyar da ƙarti shida ba za su ɗaga ba, abin da ya ɗaga ta ruwa ne fari a kwalba, wanda ba ka bambanta shi da na randa. Na yi ta tunanin ƙofofin nan da ba su ƙirguwa, a cinya, a wuya, a ciki, duk suna buɗewa lokaci ɗaya, saƙon da ya wuni yana jira ya samu hanya. Na dubi yatsuna, na buɗe, na rufe. Abu ɗaya ne ya yi ƙaranci a jikinmu, ita ya sake ta yaraf, ni ya ɗaure ni tamau. Na ci jarrabawa a kan wannan, amma sai ranar na ji tsoron Wanda ya tsara shi. Subhanallahi kawai nake ta maimaitawa.

Malam Iro ya mayar da wuƙarsa kube, ya dubi saniyar, ya dube ni. “Likita, yau ka hana ni ciniki. Amma ka tashi daga cikin kashin nan haka.”

Kafin magariba labari ya gama ƙauyen, kuma ba irin wanda na so ba. Cewa aka yi iska ce ta danne saniyar Hanne, ɗan ɗan'uwanta ya tsokane ta da allura ta koma kansa, Malam Nura ya kore ta. Nura ya ƙara suna. Ni kuwa sai da aka shekara ana nuna ni a kasuwa, kuma har yau akwai tsofaffin da in mun gaisa sukan rage murya su ce, “Ya jikin? Ba su sake dawowa ba dai ko?” Na gwada yi wa Nura bayanin haki da mayafi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, “To, hannunka ya saki ko bai saki ba?” Na ce ya saki. Ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na ce alhamdu lillahi.

Da zan tafi na gaya wa Gwaggo kada ta tatse saniyar ƙaf na 'yan kwanaki, ta bar wa jikinta ya farfaɗo. Ta rako ni har bakin babur, maraƙin na can yana tsotso yana kaɗa wutsiya. Na kasa haɗa ido da ita, na ce ta yi haƙuri da abin kunyar da na ja mata a gaban mutane.

“Wace kunya?” ta ce. “Su faɗi abin da suka ga dama, Babana. Ni na riƙe allurar. Na ji sanda ya shiga, na ji sanda jikinta ya ɗauki ɗumi a hannuna.” Sannan ta kama dariya har da riƙe ciki. “Amma fa ka faɗi! Ban taɓa ganin namiji ya faɗi irin wannan faɗuwar ba.”

'Yar Gata ta ƙara haihuwa bayan wannan, ba sau ɗaya ba. Ni ma na tayar da shanu da yawa tun daga lokacin, kuma har yanzu duk wadda ta miƙe sai na ce subhanallahi. Sai dai na canza tsarin aiki. Yanzu ba na buɗe baki sai saniya ta tashi, a zaune nake soka allura, kuma kafin in fara nakan dubi masu gida in ce musu, in kun ga na faɗi ku bar ni a nan, zan tashi da kaina, ku dai ku kula da kwalbar.